Akwati na Ɗari da Sha Bakwai

Aikina yankan dutse.
A rumfar kwano, can sama da Naryn,
inda numfashi ke daskarewa a gashin baki,
injin haƙa kan zaro sandunan dutse daga cikin tsauni,
ni kuma in tsaga su biyu da zarto mai shan ruwa,
rabi a tura birni, rabi ya kwana a akwati.

Uulkan, mai guduma a ƙugu, madubin dubawa a wuya,
ba ta ɓarnar magana.
Takan lashi dutse kafin ta dube shi.
Ranar farko ta ce, Sagynbek,
wannan baƙin da ke ɓata maka hannu laka ce,
gindin teku ne.
Na ɗaga kai ga ƙololuwar da ko gaggafa sai ta huta kafin ta kai,
na yi dariya.
Ita ba ta yi ba.

Mita ɗari biyu muna tafe cikin baƙi,
falle bisa falle,
kamar littafin bashi na mai kanti.
Sai ran Laraba, bayan azahar,
dutsen ya koɗe.
Toka-toka, sannan fari-fari kamar leɓen mai zazzaɓi,
yana marmashewa tun ban matsa ba.
Ta ɗiga masa asid.
Na jiya da an ɗiga sai ya tafasa, yana tsaki.
Wannan ya yi gum.

Nan ne ya karye, in ji ta.
Ƙasa ta ɗaga kafaɗa ɗaya, ta sauke ɗaya,
ruwan zafi ya samu ƙofa daga can ƙarƙashi,
ya hauro ta tsagar,
ya dafa abin da ya taras,
ya cinye farar ƙasar da ke ciki,
ya bar jijiyoyin ƙanƙara a gurbinta.
Ba irin ƙanƙarar da ke kan rufinmu ba:
wannan ba ta san bazara ba, ba ta narkewa.

To ina zinaren?
Ta miƙo madubin.
Ɗige-ɗige na gani, masu ƙyalli, ƙanana ƙwarai.
Na ce ga shi!
Ta ce a'a, wannan masaukinsa ne kawai,
ƙarfe da farar wuta.
Shi baƙon yana ƙurya, ido bai taɓa ganinsa ba.
A niƙe cikin babbar mota
kafin a haɗa zoben da zai shiga ƙaramin yatsa.

Bayan sati uku takarda ta dawo.
Har mai dafa abinci ya yi rawa da ludayi.
Uulkan ta shimfiɗa taswira,
ta danne kusurwoyi da kofunan shayi,
ta ja jan layi, tana bin tsagar,
daga ramin haƙa, ta gangara,
ta haye rafi,
ta bi ta ƙarƙashin wani ɗigo maras suna.

Ni na san sunansa.
Maɓuɓɓugar babana ce,
mai jan baki, mai ɗanɗanon ƙusa,
wadda tumaki ke shinshinawa su wuce,
goɗiyoyi kuwa su tsaya lasar gefenta.
Taku arba'in daga nan kakana Toktosun yake kwance
ƙarƙashin tulin irin wannan farin dutsen.
Da hannu muka ɗebo shi, don ya fi sauran haske.

Da dare na hau wajen tsohon.
Ya zuba min nonon goɗiya mai tsami,
ya jira na sha.
Me kuka samu a cikin tsaunin?

Dutse, Baba.

Ya daɗe yana kallon hannuwana.
Da can baƙi kake dawowa da su, ya ce.

Da safe na koma rumfa,
na narkar da ruwan zarto a kan murhu,
na rubuta lamba a jikin akwati na gaba.